Ɗan Gaya Ko Ɗan Gaye

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na ɗinka ko aljihu cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago, ba ɗinki ya kawo ba, ba karɓa ya zo yi ba, sai dai, "Garba, wai da gaske ne ka tsuguna ka gaida biri?" Na ba da labarin nan a shago, na bayar a teburin mai shayi, na bayar a ƙofar masallaci, amma kullum sai ya dawo mini da sabon gyara. Jiya har na ji wai birin ya amsa, ya tambaye ni mutanen gida. To ga shi nan a rubuce yadda aka yi. Wanda ya sake tambayata kuma sai ya zo da yadi.

E, na tsuguna. Amma ku tsaya ku ji dalili.

Babana yana da ƙanne tagwaye, Gwaggo Hassana da Baffa Usaini. Gwaggo aure ya kai ta Toranke, mijin ya rasu, tana nan a ɗakinta cikin jikoki. Baffa Usaini kuwa, ina firamare ya ɗaure kayan kolinsa a nan Gaya ya ce zai leƙa Kamaru ya dawo kafin a cire gyaɗa. An cire gyaɗa sau talatin da ɗoriya, shiru. Ba wasiƙa, ba sallahu, ba wanda ya ce ya ga mai kama da shi. Kowa ya haƙura ban da Gwaggo. Duk baƙon da aka ce ya fito daga gabas sai ta aika a kira mata shi.

Sai kuma Sabo, abokina ne tun muna yara, ɗan Ajingi. Ya tafi Kamaru da sana'ar tsire, daga baya ya ce ya samu aiki a wani wuri can cikin kurmi. Aikin me, bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wurin babu sabis, sai ya fito gari yake aron wayar wani ya turo murya. Bayan ƙaramar salla ya turo mini saƙo, ya ce in kai wa innarsa ta ji. Na hau mashin na je Ajingi, na tarar ana suna a gidan, mata maƙil a tsakar gida, ana kiɗan ƙwarya, jarirai suna tsala ihu. Ni ɗan gida ne, na shiga. Maimakon in ja tsohuwa gefe, sai rawar kai ta sa na ƙure ƙarar waya na kunna a tsakiyar jama'a.

Muryar tana tafe tana yankewa. Abin da muka ji shi ne: "Inna, ki yi haƙuri, babbar sallar nan ma ba zan samu zuwa ba. Akwai wani tsoho ɗan Gay... da nake jinya. Ba shi da kowa, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai ni. Ga baƙar zuciya, ga son gyaɗa. Kuma duk yaren da aka yi masa ko kallo ba ya yi, Hausa kaɗai yake ji. In na tafi mutuwa zai yi."

Ashe Gwaggo tana wajen sunan. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Usaini ne."

Na ce, "Gwaggo, 'yan Gaya fa da yawa a duniya."

Ta ce, "Mai baƙar zuciya da son gyaɗa, wanda ya yi shekara talatin a ƙasar mutane ya ƙi koyon yarensu? Ka nemo mini na biyu."

Aka sake kunnawa ya fi sau goma, mata suna karkata kunne, kowacce ta ce ita dai "ɗan Gaya" ta ji sarai. Na kira lambar, wani ƙato ya ɗauka ya zuba mini Faransanci, na ce "Sabo, Sabo," ya ce "wi, wi," ya kashe. Na yi ta kira har sati guda, daga baya ma ya daina ɗauka.

Ranar kasuwa sai ga Gwaggo a ƙofar shagona, an sauke ta daga adaidaita sahu. Ta sayar da ragonta, ta yanko farar shadda. Ta ce in ɗinka wa Baffa riga. Na ce da awon wa? Ta ce, "Da naka. Kafaɗarku ɗaya, taurin kai ma ɗaya." Ta haɗo hula, da ƙullin soyayyar gyaɗa, da dakuwa cikin roba, da wani tsohon hotonsa wanda ya koɗe har hancin ne kawai ya rage. Ta kama hannuna ta ce, "Garba, ka ɗauko mini shi. In ya ce kunya yake ji ya dawo hannu biyu, ka ce Hassana ta ce ba ta yi fushi ba." Wallahi a lokacin ni ma na yarda Baffa ne. Kada wani ya zo yanzu yana cewa shi tun farko ya gane, duk tare muka yi wautar nan.

Na yi fasfo, na yi allurar rigakafin da ake ba da katinta, na rufe shago.

Daga Kano na shiga motar Yola. Direban irin waɗanda ba su yarda Allah ya yi birki don a taka ba ne, kafin mu kai Gombe na karanta duk abin da na haddace har da wanda na manta. Kusa da ni wani dattijon Bafulatani ne mai fataucin shanu, ya san Kamaru ciki da bai. Ya ce mini a arewacinsu Fulatanci ne kasuwa, ya tambaye ni ko ina ji. Na ce kakata ta wajen uwa Bafulatana ce. Ya yi murna ya saki zance, na yi tsuru-tsuru. Kaf gadon da kakata ta bar mini kalma biyu ne, ta lafiya da ta nono. Ya dube ni da tausayi ya ce, "To da su za ka rayu, in an gaishe ka ka amsa, in ka ji yunwa ka sha." Sannan ya koya mini Faransanci uku, na gaisuwa, na godiya, da na ba da haƙuri. Ya ce na ukun zan fi buƙata, kuma gaskiyarsa.

A bakin iyaka wani jandarma ya zazzage jakata. Riga da hula bai ce komai ba, yana zuwa kan robar dakuwa ya tsaya. Ya ɗauki curi ɗaya ya juya, ya shinshina, ya kira abokinsa, suka dube ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da mugun abu. Ta bakin wani ɗan acaba mai jin Hausa suka ce in ci su gani. Na ci. Sai mai binciken ya gutsura. Gwaggo kuwa in tana daka dakuwa ba ta san ana auna barkono ba. Mutumin nan ya yi tari, hawaye ya zubo, ya cire hular kakinsa ya yi fifita, sannan ya ƙara wani curin. Daga ƙarshe rabin robar ta tsaya a iyaka, wai za a ci gaba da bincike. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na nuna masa hoton Baffa. Ya duba ya ce rabin mutanen ƙasar nan suna da hanci.

A Garwa na kwana ɗaya, a can na fara gamuwa da burodinsu. Dogo ne kamar muciya, kuma taurin ma kusan ɗaya, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafe yana gaisawa da jama'a, ba leda ba takarda. Gatsa ɗaya na yi ɓawon ya yanka mini dasashi. Mai shayi kuma na ce ya haɗa mini mai kauri, ya miƙo mini baƙin kofi a wani ɗan kofi da bai fi a ba jariri magani ba. Na dube shi, ya dube ni, na yi amfani da kalmata ta godiya ba don ta fito daga zuciya ba.

Wani abin kuma, tun daga nan zuwa ƙarshen tafiya ba wanda ya kira ni da wani suna sai Alaji. Duk mai doguwar riga da hula Alaji ne a wurinsu. Hajjin da na yi shekaru ina roƙo, Kamaru ta ba ni a kyauta, ko Kano ban je na yi awon lafiya ba.

A Ngawundare na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Wadda ke fuskantata wata mata ce 'yar kudu, ƙatuwa, da gicciye a wuya da dariya mai girgiza benci. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta kwance wani abu dogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare, ta miƙo mini. Rogo ne da aka tsima, warinsa ya riga shi isowa. Na dafa ciki alamar na ƙoshi, cikin nawa ya ƙaryata ni da ƙugi, ta kwashe da dariya ta tura mini a hannu. Na ci. Danƙo ne da shi, sai ka tauna ka huta ka ci gaba, amma yana riƙe ciki. Na rama mata da sauran dakuwa, ita ko tari ba ta yi ba.

Can sai ta kamo hannun rigata ba neman izini, ta juya ciki, ta bi ɗinkin da farce, ta gyaɗa kai. Ta nuna ƙirjinta, ta kwaikwayi taka keke da ƙafa. Ashe tela ce! Ni ma na dubi kafaɗar rigarta na nuna mata inda ya tattare, ta doke mini hannu. Muka yi ta hira da yatsu, ta nuna mini yadda suke yanka hannu mai kumbura, na zana mata wuyan kaftani a bayan tikiti. Da gari ya waye muka isa Yawunde, wajen sallama sai na ga ta nufo ni da fuska. Su haka suke yi, kunci da kunci, mace da namiji, a bainar jama'a. Na kauce hagu, ita ma ta yi hagu, goshinmu ya haɗu ƙum. Nan kalma ta uku ta yi rana.

Yawunde gari ne da ba a shimfiɗa shi ba, daga ka hau sai ka gangara, ruwan sama kuma ba ya sallama. Na nemi unguwar Hausawa, ina shiga na ji ƙamshin tsire da kiran salla, har na ji ƙwalla. Aka kai ni wajen wani dattijo Malam Tanko, shi yake saukar da baƙi. A nan aka haife shi, kakansa mutumin Wudil ne, shi kuwa ko gadar Wudil bai taɓa gani ba, amma ya tambaye ni ita kamar jiya ya baro. Hausarsu daɗi, sai dai in suna magana kana jin Faransanci yana leƙowa ta aljihu.

Bayan azahar ya zagaya da hoton Baffa a ƙofar masallaci. Tsofaffi suka karɓa suna miƙa wa juna, kowa ya girgiza kai. Malam Tanko ya ce, "Ɗana, Usaini mai koli ba ɗaya ba ne ya bi ta nan. Wasu mun binne su, wasu sun wuce Gabon, wasu sun canja suna." Na ce ai ni na san inda nawa yake, yana hannun Sabo. Masu tsire suka san Sabo, suka ce, "Au, Sabo na gidan birai?" A nan ya kamata in farga. Amma sai na ce a raina, Allah sarki Baffa, duniya ta kai shi har gadin birai.

Washegari na kama hanyar kudu. Daji ne wanda rana ba ta samun wurin sa ƙafa, manyan motoci suna ta fitowa da gungumen itace, ɗaya ya cika mota. A bakin titi ana ɗaga nama ana talla, da na duba da kyau sai na ga biri ne an ɗaure jelarsa a wuyansa an yi masa maratayi. Na kau da kai. Da muka bar kwalta motarmu ta kafe a jar laka, aka ce kowa ya sauko a tura. Ni kaɗai ne mai fararen kaya, kuma ni direba ya zaɓa ya tsaya daidai bayan taya.

Haka na isa wurin da rana tsaka, ja jawur daga hula har takalmi. Wuri ne da ake tara biran da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu tsare su a gida, an kewaye daji da waya, da 'yan ɗakuna da ɗakin magani. Sabo ya fito da bokitin ayaba, da dogon takalmin roba. Ya dube ni ya saki bokitin.

"Garba? Kai ne ko aljani? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ina tsohon?"

"Wane tsoho?"

"Wanda kake jinya mana."

Ya washe baki. "Kai! Har labarinsa ya kai gida?"

"Ya kai. Yaya jikin nasa? Yana magana?"

"Magana? Sai dai gurnani."

Na ce a raina shanyewar jiki ce ke nan. "Yana dai samun yin salla ko da a zaune?"

Sabo ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Garba, har yanzu ba ka daina iya shege ba." Ya san ni da tsokana tun muna yara, ya ɗauka wasa nake. Ni kuma na ji haushi, na ce a raina zaman kurmi ya cire wa yaron nan tarbiyya, dattijo yana kwance yana yi masa dariya.

Ya ja ni bayan ɗakin magani, wani ɗaki mai ƙofar raga, cikinsa da ɗan duhu. Na ce wato nan suka ajiye shi, kamar kaza. Zuciyata ta yi zafi. Na hango mutum a lungu, ya juya baya, ya duƙar da kai, kafaɗa faffaɗa. Na cire takalmi, na yi sallama, na tsuguna na ce, "Baffa, sannu da jiki. Garba ne, na gidan Yaya Audu."

Sai ya miƙe a kan ƙafa huɗu.

Jama'a, abin da ya fara gaishe ni da shi ɗuwawu ne. Kuma ba irin wanda kuka sani ba. Shuɗi, da ruwan hoda, da shunayya, da ja, suna shiga juna ba ka ganin inda wani ya ƙare, rinin da ko a Ƙofar Mata ba a taɓa fitar da irinsa ba. Sannan ya juyo a hankali. Hanci dogo, an ja masa jan layi tun daga tsakanin ido har baki. Gefe da gefe shuɗi ne mai gurbi-gurbi, kamar an yi masa aiki da zare. Ga gemu ruwan ɗorawa an taje shi tsaf, ga ƙananan idanu can ciki suna duba ni irin duban mai gidan haya. Shekarata ashirin da biyar ina ɗinki, da wani ya kawo mini kalolin nan ya ce in haɗa masa a riga ɗaya, da na ce ya je ya nemi magani. Amma a jikinsa sun zauna daram. Ya yi hamma, na ga fiƙoƙi tsawon yatsana. Ban san sanda na tsinci kaina a bayan Sabo ba, takalmi ɗaya a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan Gaye ke nan. Masu wurin suna ce wa irinsu mandiril, ni na raɗa masa Ɗan Gaye. Dubi kwalliya, ai ya ci sunansa."

"Ɗan me?"

"Ɗan Gaye."

"Sabo, faɗi a hankali. Gaye ko Gaya?"

Sai a lokacin ya daina dariya. Na zauna a ƙasa na kwashe labari na faɗa masa, da sunan, da ragon, da shaddar. Na zage shi tas, na ce wane irin mutum ne zai turo wa uwarsa saƙo yana jinyar biri bai ce biri ba? Ya ce, "Garba, ka taɓa tunanin yadda zan ce wa Inna na fasa zuwa salla saboda biri? A Ajingi? Ai sai a yi mini waƙa." Muka dubi juna, dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har da kwanciya. Gwaggo ta aike ni wajen Baffa, na tarar da gwaggon biri. Ina cikin dariyar na tuna fuskarta a ƙofar shago, sai dariyar ta yanke. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, Sabo ya koma gefe yana tsince ayaba.

Kwana uku na yi a wurin. Sabo ya ba ni tarihin tsohon. Yana jariri aka harbe uwarsa, aka sayar da shi ga wani mai gidan giya, ya yi shekaru ɗaure da sarƙa mashaya suna ba shi sigari. Da aka kawo shi nan ya murmure, ya zama shi ne mai gida a garken, mata da 'ya'ya ko'ina. Da tsufa ya zo wani matashi ya kayar da shi, ya yaga masa kafaɗa. Tun daga ranar ya daina ci, kalar fuskarsa ma ta dusashe. Sabo ya ce abin da na gani saura ne, su kwalliyarsu da mulki take tafiya, wanda ke kan gado shi ya fi kowa ja. Na ce to ai mu ma haka ne, ka dubi fuskar kansila bayan ya faɗi zaɓe.

Na ga sabon mai gidan, kuma gaskiya ne, fuskarsa har ƙyalli take. Yana tafe yana gogar ƙirji a jikin itace, in ransa ya ɓaci ya daki ƙasa da hannu. Na ga suna cusa abinci a kumatu su ajiye sai an jima, kamar wasu da na sani a wajen walima. In ɗaya ya yage baki ya nuna haƙora yana kaɗa kai, wai gaisuwa ce ta mutunci. Wata 'yar budurwarsu ta zuro hannu ta raga ta zare hular da Gwaggo ta aiko daga aljihuna, ta hau sama ta warware ta zare-zare tana kallona. Rigar kuwa Sabo na ba, na ce ya sa ranar salla ya tuna abin da ya jawo.

Likitar wurin, wata 'yar ƙasar mai gilashi, ta ce maganar jin Hausa zancen Sabo ne kawai, muryarsa birin ya sani. Sabo ya ce a gwada. Ta yarda a ba shi gyaɗa kaɗan. Na ɗebo ta Gwaggo, na matsa jikin raga, na ce, "Tsoho, karɓi. Daga Toranke take." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo hannu, yatsu baƙaƙe da farce irin na mutum, ya ɗauka ɗaya-ɗaya, ya murje ɓawon ya hure kafin ya ci. Sabo ya yi tsalle yana yi wa likita gwalo. Ni kuwa, da na ga ba kowa kusa, na rage murya na ce, "Hassana ta ce ba ta yi fushi ba." An ba ni saƙo, kuma ban samu wani wanda zan faɗa wa ba. Ya ci gaba da taunarsa.

Dawowa ba ni da labarinta, don ban ga hanya ba. Ƙarya nake ta ɗinkawa ina farkewa. In ce ya rasu kafin in isa? Za ta tambayi kabari. In ce ya ƙi zuwa? Wannan kashe ta zai yi. Sai a Numan dabara ta zo mini: ai akwai wata Gaya a Nijar. Shi ke nan, zan ce tsohon ɗan Gaya ne, amma ta Nijar. Na yi ta maimaitawa har ta zauna a bakina.

Ban biya gida ba, Toranke na wuce, na isa bayan la'asar. Tun daga zaure na ga an share ɗakin da ke kusa da nata, an yi sabon daɓe, an shimfiɗa sabuwar tabarma da buta a bakin ƙofa. Tana zaune tana tsince wake. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta daɗe tana duban bayana.

Na tsuguna na gaishe ta. Na ce, "Gwaggo, na je, na ga tsohon. Ɗan Gaya ne, amma..."

"Garba," ta ce, "tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka kama kunne. Sauke hannunka."

Na sauke. Na ciro waya na kunna mata hoton da na ɗauka mai motsi, na ce, "Ga shi. Ɗan Gaye Sabo ya ce. Biri ne, Gwaggo. Ki yafe mini."

Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido. Matan gida suka taru a bayanta, wata ta fara dariya aka zungure ta. Gwaggo ta kalla har ya ƙare, ta ce in sake. Sai na ga kafaɗarta tana rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta ce, "Hancin dai nasa ne. Da harara." Gida ya kaure, har da masu faɗuwa.

Ta goge ido da bakin zane, ta ce in sake kunnawa. A karo na uku ba birin take kallo ba, Sabo take kallo, yana tsugune yana ɓare ayaba yana miƙawa yana lallashi.

"Kullum haka yake ba shi?"

"Kullum, Gwaggo. Safe da yamma."

"Ba danginsa ba, ba komai ba."

"Ba komai ba."

Ta miƙo mini wayar. Kaji suka fara cin waken ba ta kore su ba. Can ta ce, "To. In a ƙasar nan biri ya samu mai ba shi a baki, ɗan'uwana bai mutu da ƙishirwa ba. Wani ya ba shi ruwa." Ta juya ta ce wa surukarta ta naɗe tabarmar nan ta kai ɗaki kafin raɓa ta sauka. Sannan ta buɗe hannu ta ce, "Allah ya jiƙan Usaini."

Tun da nake ban taɓa jin ta faɗa ba. Muka ce amin.